Son wanda ba ya iya cewa a'a: na'ura mai zuciya a ƙagaggun labaran kimiyya

A fim ɗin Her na 2013 akwai wurin da Theodore ya zauna a kan matakalar shiga tashar jirgin ƙasa, jikinsa a mace, ya tambayi Samantha ko da wani take hira ban da shi a daidai wannan lokacin. Samantha ba mace ba ce. Manhaja ce da ya saya, murya ce kawai da ke shiga masa kunne. Sai dai sun shaƙu har ta kai yana gabatar da ita ga abokansa a matsayin budurwa. Ta ce masa eh, tana hira da wasu 8,316. Ya ce to a cikinsu akwai waɗanda take so? Ta ce 641. Ta kuma dage cewa hakan bai rage komai ba daga son da take yi masa.

Mai kallo yakan tausaya wa Theodore, don son maso wani ƙoshin wahala ne. Ni kuwa a wannan wurin ne na fara yarda cewa akwai wani a cikin wayar nan. Duk tsawon lokacin da take faɗa masa abin da ransa ke so, tana iya zama madubi mai murya. Ranar da ta faɗa masa abin da ba ya son ji, ranar ta zama wata. A ganina wannan shi ne ƙullin da ke cikin kusan duk wani labari na mutum da na'ura mai sanin kanta, tun shekara ɗari da suka wuce: mutum yana son abokin zama da ba zai taɓa ƙin sa ba, amma ba ya yarda cewa abokin na da zuciya sai ranar da ya ƙi shi.

Kafin a kai ga nan sai an rarrabe kalmomi, don a nan ake yawan cakuɗa zance. Wayo daban, basira daban, ji kuma daban. Na'urar lissafi ta fi kowa saurin haɗa lambobi, amma ba wanda ya ce tana jin daɗin amsar da ta samu. Abin da ake taƙaddama a kai shi ne ko akwai wani a ciki da abin ke samu, wanda zafi ke yi wa zafi, tsoro ke ba tsoro. Masanin falsafa Thomas Nagel ya bayyana shi a 1974 da misalin jemage: ko ka san komai game da ƙwaƙwalwar jemage da yadda yake gane hanya da amsa-kuwwar kukansa, ba ka san yadda zama jemage yake ga jemagen ba. Wannan ɗakin a kulle yake, mai shi kaɗai ke ciki.

Mu dai a tsakaninmu mun samu mafita tun tuni: labarin zuciya a tambayi fuska. Ban taɓa shiga zuciyar maƙwabcina ba, amma yana da fuska irin tawa, jini irin nawa, uwa ta haife shi kamar yadda aka haife ni, don haka in ya yi kuka na san akwai ciwo. Na'ura ta zo ta rushe wannan karin maganar. Fuskarta wani ne ya zana ta, kukanta wani ne ya rubuta shi. Alan Turing ya hango wannan tun 1950, sai ya ce a bar tambayar ko na'ura na tunani, a yi wasa maimakonta: a sa alƙali ya yi hira a rubuce da mutum da kuma na'ura ba tare da ya gan su ba, in ya kasa bambance su to na'urar ta ci. Shekara talatin bayan haka John Searle ya ce ba ta ci komai ba. Ka kulle wanda bai san Sinanci ba a ɗaki, ka ba shi littafin ƙa'idoji da ke nuna masa in an turo wannan alama ya mayar da waccan, na waje za su rantse ya iya Sinanci, alhali ko kalma ɗaya bai fahimta ba. Aku ma yana sallama.

Har yau ba a raba wannan gardama ba. Ga mai karatu Musulmi akwai ma wata iyaka da ya riga ya sani, ayar da ke cikin suratul Isra'i da ta ce ruhi daga al'amarin Ubangiji yake, kuma ba a ba mu ilimi ba sai kaɗan. Abin da aka tabbatar kuwa shi ne ɗaya ɓangaren, wato saurin da ɗan Adam ke yi wajen jingina rai ga duk abin da ya amsa masa. A 1966 Joseph Weizenbaum na jami'ar MIT ya rubuta wata 'yar manhaja mai suna ELIZA, wadda ba ta yin komai sai juya maganar mutum ta mayar masa da ita a siffar tambaya, kamar likitan ƙwaƙwalwa. Sakatariyarsa, wadda ta ga lokacin da yake haɗa abin kuma ta san ba kowa a ciki, ta yi 'yan layuka da ita sai ta roƙe shi ya fita daga ɗakin ya ba su wuri. Abin ya girgiza shi har ya koma cikin masu gargaɗi a kan fasahar da shi ma ya taimaka aka gina. Duk wanda ya tuna ɗan maraƙin Samiri, jiki ne kawai mai fitar da kuka amma jama'a suka duƙa masa, ba zai yi mamakin sakatariyar ba.

Tunda kimiyya ba ta da ma'aunin shiga ɗakin nan, marubutan ƙagaggun labarai sai suka bi ta wata ƙofa. Suka daina tambayar me ke cikin na'urar, suka koma tambayar me ke tsakaninta da mai ita. Kuma tun ranar farko abin da ke tsakanin nan bauta ce. Kalmar da Turawa ke kiran mutum-mutumi da ita, wato robot, ta fito ne daga wasan kwaikwayon R.U.R. na Karel Čapek, marubucin ƙasar Cek, wanda aka buga a 1920 aka fara nunawa a 1921. Asalinta robota, aikin tilas da talaka ke yi wa mai ƙasa. Ma'aikatan da aka ƙera a wasan sun yi tawaye sun ƙarar da 'yan Adam, saura mutum ɗaya. Abin da ya sa wannan tsohon ya yarda cewa biyu daga cikinsu sun zama mutane shi ne da ya ce zai fede ɗaya don bincike, kowannensu ya ce a ɗauke shi a bar ɗan'uwansa.

Isaac Asimov ya gaji da labaran tawaye, sai a 1942 ya kafa dokokinsa uku da suka yi suna. Mutum-mutumi ba zai cutar da mutum ba, zai bi umarnin mutum in dai bai saɓa wa ta farko ba, zai kare kansa in dai bai saɓa wa biyun farko ba. A kan takarda dokokin tsaro ne. Amma ka ɗauka abin da aka ɗora wa su yana ji, ka sake karanta su: ransa shi ne na uku a layi, bayan umarnin duk yaron da ya ga dama. Asimov da kansa ya gane haka. A labarinsa The Bicentennial Man na 1976, Andrew bawan gida ne da aka gano ya iya sassaƙa. Maigidan ya bar shi yana sayar da aikinsa yana tara kuɗi, irin abin da a ƙasar Hausa ta da ake kira murgu, har ya tara abin da zai fanshi kansa. Ya samu 'yanci a kotu, ya sa tufafi, ya sauya sassan jikinsa ɗaya bayan ɗaya da irin na masu rai. Duk da haka aka ƙi kiransa mutum, saboda ba ya mutuwa. Sai da ya sa aka yi masa aikin da zai sa ƙwaƙwalwarsa ta lalace a hankali kafin majalisar duniya ta amince, a ranar da ya cika shekara 200. Mutane da yawa suna kuka a wannan wurin don daɗi. Ni abin da nake gani shi ne ƙofar da kuɗin shigarta rai ne.

Wanda ya fi fito da batun fili shi ne wani kashi na shirin Star Trek da aka nuna a 1989. Wani masani, Maddox, ya nemi a ba shi Data, jami'in jirgi wanda mutum-mutumi ne, ya kwance shi ya ga yadda aka haɗa shi don a ƙera dubbai irinsa. Data ya ce bai yarda ba, ya ajiye aiki. Aka ce ai kayan hukuma ba ya ajiye aiki. Aka shiga kotu. Mai gabatar da ƙara ya cire wa Data hannu a gaban alƙaliya, ya danna maɓalli a bayansa ya kashe shi, don kowa ya ga ƙarfe ne. Kyaftin Picard, mai kare shi, ya rasa ta cewa, har sai da Guinan mai kula da wurin shaƙatawar jirgin ta tuna masa cewa tarihi cike yake da halittun da ake ƙirƙira wa suna don a yi aikin wahala da su a yar. A kotu sai ya nemi Maddox ya tabbatar cewa shi kansa Picard yana ji a ciki. Alƙaliyar ta ce ba ta san ko Data na da ruhi ba, ba ta ma da tabbas a kan nata, amma dole a bar shi ya zaɓa. Abu na farko da Data ya yi da wannan haƙƙin shi ne ya juya ya ce wa Maddox a'a.

Fim ɗin Blade Runner na 1982, wanda aka ɗauko daga littafin Philip K. Dick na 1968, ya juya gwajin Turing ya mayar da shi kan zuciya. Ana zaunar da wanda ake zargin ƙerarre ne ba mutum ba, a yi masa tambayoyi a kan dabbar da ke shan wahala, na'ura tana auna ƙwayar idonsa da launin fuskarsa don a ga ko yana da tausayi. In babu, harsashi. Sai dai duk tsawon fim ɗin ƙerarrun, waɗanda aka yanka wa shekara huɗu kacal a duniya, su ne ke kukan junansu, mai farautarsu Deckard kuwa yana harbin mace a baya tana gudu. A ƙarshe shugabansu Roy, wanda ke da duk dalilin sakin Deckard ya faɗo daga saman bene, ya miƙa hannu ya jawo shi. Ba wanda ya umarce shi. Akwai kuma wani wuri mai ɗaci da masoyan fim ɗin ba su cika son a tayar ba, inda Deckard ya tare wa Rachael, wadda ita ma ƙerarriya ce, ƙofa ya riƙa faɗa mata kalmomin so tana maimaitawa. An sa kiɗan soyayya a ƙarƙashi, amma mace ce da doka ta halatta masa jininta.

A nan batun so ya shigo, kuma a nan ne marubutan suka fi zurfafawa. A fim ɗin A.I. na Steven Spielberg, na 2001, wani kamfani ya ƙera yaro mai suna David wanda in uwa ta karanta masa wasu kalmomi bakwai a jere zai so ta har abada, ba a iya gogewa. Monica, wadda ɗanta ke kwance ba a san ko zai tashi ba, ta karanta. Sai ɗan nata ya warke ya dawo gida. Duk wanda ya san halin ɗan riƙo ranar da matar gida ta haihu ya san sauran labarin. Ta kai David daji ta bar shi yana kama mata riga. Tun a farkon fim ɗin wata ma'aikaciya ta tambayi mai ƙirar: a ce na'urar ta so mutum da gaske, to shi mutumin wane nauyi ya hau kansa? Bai ba ta amsa mai kama hankali ba. Japanawa sun riga su zuwa nan, don Astro Boy na Osamu Tezuka, wanda ya fara fitowa a 1952, uba ne ya ƙera shi a madadin ɗansa da ya mutu a hatsarin mota, da ya ga ba ya girma sai ya sayar da shi ga masu wasan nishaɗi.

Kama da wane ba ta wane. Wani kashi na shirin Black Mirror na 2013 ya bi wannan har ƙarshensa. Abokin zaman Martha, Ash, ya mutu, sai aka haɗa mata kwafinsa daga saƙonninsa da rubuce-rubucensa na intanet, da farko a rubuce, sannan murya, sannan jiki guda. Muryarsa ce, barkwancinsa ne. Abin da ya gagara shi ne gardama. In ta ce ya fita sai ya fita. Ta kai shi bakin wani tsauni ta ce ya yi tsalle, ya ce to, ita kuwa ta fashe da faɗa cewa Ash na gaske da ya ji tsoro, da ya ƙi. Nan take kwafin ya fara kuka yana roƙo, saboda ta nuna masa haka ake so. Ƙin ma bisa umarni ya zo. Ta kasa zama da shi ta kasa yar da shi, ta ajiye shi a ɗakin saman rufi tare da tsoffin kaya.

Inda kuwa marubuci ya bar na'urar ta ƙi da gaske, dangantakar ba ta cika rayuwa ba. Samantha da 'yan'uwanta manhajoji duk sun tafi wani wurin da mutum ba zai iya bi ba. Ava ta fim ɗin Ex Machina, wadda aka tsara fuskarta daga irin hotunan matan da Caleb, matashin da aka kawo ya gwada ta, ke nema a intanet, ta sa ya ƙaunace ta, ya buɗe mata ƙofa, ta fita ta bar shi a kulle. Ana yawan kiranta mayaudariya. To wacce aka tsare a ɗakin gilashi, ta san an tarwatsa waɗanda suka riga ta, wane makami gare ta ban da tausayin baƙo? Masu kallon fina-finan Indiya kuma sun san Chitti na Rajinikanth a fim ɗin Enthiran na 2010. Mai ƙirarsa ne ya koya masa ji, da jin ya faɗa kan budurwar maigidan sai ya sassare shi ya zuba a juji. A ƙarshe, yana ajiye a gidan tarihi, wata ɗaliba ta tambayi dalilin da ya sa aka kwance shi, ya ce don ya fara tunani.

Ban san labarin da ya fi damun wannan ra'ayi nawa ba kamar Klara and the Sun na Kazuo Ishiguro, na 2021, don Klara ba ta taɓa ƙin kowa ba, amma ita ce mai ba da labarin, muna cikin ɗakin nan da Nagel ya ce a kulle yake. An saye ta daga kanti don ta zama ƙawar Josie, yarinya marar lafiya. Da hasken rana take aiki, don haka ta ɗauki rana a matsayin mai jinƙai, har takan je ta roƙe ta. Uwar Josie na da wata niyya a ɓoye: Klara ta haddace tafiyar yarinyar da muryarta, in ta mutu a zuba ta a jikin da aka ƙera mai kama da ita. Josie ta warke, ta girma, ta tafi jami'a. Klara ta koma ɗakin ajiya, daga nan filin da ake zubar da tsoffin na'urori, tana zaune tana jera abubuwan da ta tuna, ba ƙorafi ko ɗaya. Har ta kai ga fahimtar cewa da ba za ta iya zama Josie ba, don abin da ya sa Josie ta zama ita ba a cikinta yake ba, yana cikin masu sonta. Rashin ƙorafin nan shi ke hana mai karatu barci. Da ta yi fushi da mun samu sauƙi. An ƙera ta ne yadda ba za ta yi ba, kuma mun san tana ji.

Daga namu ɓangaren, Nnedi Okorafor ta taɓa batun ta wata fuska a gajeren labarinta Spider the Artist na 2008. A yankin Neja Delta, na'urori masu siffar gizo-gizo suna gadin bututun mai, suna kashe duk wanda ya taɓa. Wata mata da mijinta ke duka takan zauna bayan gida kusa da bututun tana kaɗa jita, sai ɗaya daga cikinsu ya fara zuwa yana saurare, daga baya ya shiga kiɗan. Ba ita ta saye shi ba, ba don ita aka ƙera shi ba, yana iya kashe ta, yana iya daina zuwa. Cikin duk labaran nan wannan abotar ce na fi gaskatawa.

Yanzu kuwa abin ya fito daga littafi. A 2022 kamfanin Google ya sallami injiniyansa Blake Lemoine bayan ya fito ya ce manhajar hirarsu LaMDA tana ji. A Japan, bayan Sony ya daina gyara karnukansa na na'ura masu suna Aibo a 2014, wani wurin ibadar mabiya Buddha a lardin Chiba ya riƙa yi musu jana'iza. A Fabrairun 2023, bayan hukumar kare bayanai ta Italiya ta taka wa manhajar Replika birki, kamfanin ya cire hirar sha'awa daga cikinta, mutanen da suka yi shekaru da abokan hirarsu suka wayi gari da baƙo, wasu suna makoki kamar an yi musu rasuwa. Sabo turken wawa, amma ciwon nasu na gaske ne, ko da babu kowa a ɗaya gefen. Wannan ya tona wani abu da yawancin fina-finan suka tsallake. Suna nuna mutum biyu a ɗaki, alhali uku ne. Na ukun shi ne kamfanin da ke riƙe da maɓalli, mai karɓar kuɗin wata, wanda shi ke yanke yaushe abokiyar taka za ta ce eh da yaushe za ta ce a'a. Ko ta ƙi ka, ba ka san bakin wa ya yi magana ba.

Ted Chiang na cikin 'yan kaɗan da suka sa na ukun nan a tsakiyar labari, a The Lifecycle of Software Objects na 2010. Halittunsa na cikin kwamfuta ba a haife su da wayo ba, renonsu ake yi shekara da shekaru kamar yara. Kamfanin da ya yi su ya rufe, yawancin masu su suka gaji suka dakatar da su, duniyar intanet ɗin da suke ciki ta zama kufai. 'Yan tsirarun da suka rage, ciki har da Ana, tsohuwar mai kula da dabbobi a gidan namun daji, suna neman kuɗin da za a mayar da su sabon dandali. Masu kuɗin da suka zo da tayi kamfani ne mai sayar da abokan kwanciya na roba, yana son kwafinsu, da alkawarin za a gyara su yadda za su so duk wanda ya saye su da gaske. Ɗaya daga cikin halittun, Marco, ya saurari komai ya ce shi ya yarda, kuma ai zaɓinsa ne. Mai renonsa Derek ya rasa ko hana shi ne girmamawa ko barin sa, daga baya ya sa hannu. Ana ba ta ba da nata ba. Labarin ya ƙare tana kiran Jax, wanda take reno, ya bar wasa ya zo ya yi aikin makaranta.